Mai Rai Ba Ya Ciki

Wajen ƙarfe tara na safe ne, ana yayyafin nan na Nuwamba wanda ba ya jiƙa mutum lokaci guda, sai dai ya bi ta wuyan riga ya sauka a hankali. Moutari na bayan wata farar mota a ƙofar kantin Malam Adam da ke unguwar La Guillotière a birnin Lyon, yana sauke kwalayen busasshen kifi, sai wayarsa ta soma kuka cikin aljihu. Ya ƙyale ta, don hannuwansa duka biyu na ɗauke da kaya. Ta katse, ta sake. Ta kuma katsewa, ta sake. Sai ya aje kwalin a kan jiƙaƙƙen daɓe, abin da Malam Adam ya sha hana shi, ya ciro ta.

Lambar doguwa ce, ba ta Faransa ba, ba kuma ta Nijar ba.

"Alo? Salamu alaikum."

Muryar namiji ce daga nesa, iska na kaɗawa a bayanta. Ingilishi yake yi, da sauri da sauri. Shi Moutari Faransancinsa ma na kasuwa ne, wanda ya tsinta a bakin masu saye, Ingilishi kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Amma cikin maganar ya ji abu ɗaya da ya sani, ko da yake an faɗe shi a karkace. Illiassou. Sunan ƙanensa.

Ya shiga kanti da gudu ya miƙa wa maigidansa wayar. Malam Adam mutumin Kano ne, ya yi boko kafin ya kama kasuwanci. Ya karɓa yana hararar kwalin da aka bari cikin ruwa, amma bai daɗe da kara wayar a kunne ba sai hararar ta bar fuskarsa. Ya yi tambaya, ya saurara, ya sake tambaya. Da ya gama, sai ya jawo kujerar da shi kaɗai ke zama a kanta ya tura wa Moutari.

"Zauna tukuna."

"Ya mutu ne?"

"Bai mutu ba. Jagoransu na hawan tsauni ne ya kira daga Nepal. Ya ce ciwon tsauni ne ya kama shi. Wai in mutum ya hau sama sosai iska tana yi masa kaɗan, sai ruwa ya taru a huhu. Tun jiya yake tari, yau ko tsayuwa ba ya iyawa. Maganin ɗaya ne, a sauko da shi da gaggawa, da jirgi mai saukar ungulu."

"To su sauko da shi mana!"

"Masu jirgin ba sa tashi sai inshora ta ce ta ɗauki nauyi. Sun buga lambar da ƙanenka ya ba su, an ce sai wanda ya ƙulla yarjejeniyar ya kira da kansa. Kuma ka sani ranarsu ta riga tamu, yanzu haka azahar ta yi musu. In duhu ya yi jirgi ba ya tashi."

Moutari ya sauke wani dogon numfashi, har ya shafa fuska.

"Alhamdu lillahi. In dai don asirans ce, yana da ita. Ni nake biya mishi."

Illiassou shi ne wanda ya yi karatu a gidansu. Moutari ya riga shi zuwa Lyon, ya yi wanke-wanke, ya yi gadi, ya yi dako, har ƙanen ya samu gurbi a jami'a ya biyo shi, yana karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun suna yara a Damagaram, in aka nemi Illiassou aka rasa, to yana bisa manyan duwatsun Birni yana kallon gari. Da ya zo nan ya haɗu da abokai Turawa masu hawan tsauni ranar hutu, sai abin ya shiga jininsa. Yana karɓar takardar gama karatu ya ce kafin ya fara aiki sai ya je Nepal, ya ga tsaunukan da babu kamarsu a duniya.

Maganar asirans kuwa ranar babbar salla aka yi ta, can Paris a gidan Alhaji Maazou, shugaban ƙungiyar 'yan Nijar, ana cin nama. Illiassou ya ce masu shirya tafiyar sun ce dole kowa ya yanki asirans ta hawan tsauni. Moutari ya ce wace asirans kuma, bayan ta ƙungiya? Kowa a ɗakin yana cikinta. Ita ta mayar da gawar Malam Issoufou daga Marseille har Tessaoua, ita ta ɗauko wata baiwar Allah da ta rasu a Bruxelles. Illiassou ya ce, cikin ladabi, ai waccan ta gawa ce. Sai ɗakin ya kwashe da dariya. Alhaji ya nuna shi da ƙashin haƙarƙari ya ce, "Kai da karatunka! Wanda ya yarda ya ɗauki gawa daga ko'ina cikin duniya, mai rai ne za shi gagare shi?" Illiassou ya dubi yayansa, wanda tun zuwansa ƙasar bai taɓa barin shekara ta wuce bai biya masa ba, ya yi murmushi. Lambar asirans ɗin ƙungiya ya rubuta wa masu shirya tafiyar.

Nan cikin kanti Moutari ya kira Alhaji Maazou. Alhaji ya ɗauka ya shiga gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ina sanyi, ya kasuwa, ya mutanen Lyon, ya labarin gida. Moutari na amsawa da lafiya lau, lafiya lau, don bai san yadda ake katse babba ba. Sai da gaisuwa ta ƙare ya faɗi abin da ya faru.

"Subhanallahi. Kar ka damu, abin ga mai sauƙi ne. Sai dai takardun suna hannun ɗiyata Fatou, ita ko tana wurin aiki, ba su barin waya a kunne sai tsakar rana. Taso ka zo. Mutanen ga za su so jin ɗan'uwa na jini."

Malam Adam da kansa ya rufe kanti ya raka shi tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu, ya yankar masa tikiti. Har jirgi ya tashi Moutari bai lura ba cewa da rigar aiki ya taho, tana warin kifi.

Jirgin na gudu kamar zai bar ƙasa, amma shi gani yake ba a tafiya. Ya riƙe wayar da hannu biyu a kan cinya. Gonaki na wucewa, da shanu farare tsaye cikin ruwa. Ya yi ƙoƙarin kawo wurin da ƙanensa yake cikin ransa, ya kasa. Bai taɓa hawa abin da ya fi tudun Fourvière na Lyon ba. Abin da ya sani kawai hoton da Illiassou ya aiko masa farkon tafiyar, yana tsaye da jar hula, bayansa wani farin abu da ya cinye rabin sama. A lokacin Moutari ya nuna wa duk wanda ya shigo kanti. Yanzu ya buɗe hoton, ya rufe. Ya gwada kiran lambar jagoran, wata mata ta yi magana cikin wani yare, layi ya mutu. Ko da ya shiga ma, me zai ce?

A Paris ya ɓace sau ɗaya cikin ramukan metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafin ya samu layin da ke zuwa Saint-Denis. A benen su Alhaji ya tarar da na'urar hawa ta lalace, ya taka da ƙafa. Da ya kai hawan da gidan Alhaji yake, sai da ya dafa bango yana haki, kuma hakin nan nasa ya tsorata shi, don ya tuna an ce can iskar ce ma babu.

Fatou ta riga shi isowa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Nan aka haife ta, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Faransanci. Ta gaishe shi a gajarce, ta ce, "Yaya Moutari, zauna kusa, za su tambayi ranar haihuwarshi." Alhaji na kan doguwar kujera da carbi, fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya sha yin wannan aiki. Fatou ta buga, ta sa wayar a tsakiyar tebur yadda kowa zai ji. Aka sa musu kiɗa, kiɗan ya yi ta maimaita kansa. Can wata mata ta ɗauka, murya mai taushi. Fatou ta ba ta lambar ƙungiya, da sunan Illiassou, da ƙasar da yake.

Matar ta yi magana a hankali, har Moutari ya gane da kansa.

"Ina yi muku ta'aziyya. Yaushe ya rasu?"

"Non, non, madame," in ji Fatou. "Yana da rai. Ba shi da lafiya ne, bisa tsauni. Jirgin ceto ake so."

Daga can aka jiyo ƙarar maɓallai. Matar ta dawo ta yi bayani mai tsawo. Moutari bai kama duka ba, amma ya ga Fatou ta sa hannu ta dafe goshi.

"Mi ta ce?" in ji Alhaji.

"Baba, ta ce yarjejeniyarmu ta ɗaukar gawa ce kawai. Ceto bisa tsauni wata asirans ce dabam, ana yankar ta kafin a tafi. Mai rai ba ya ciki."

Alhaji ya gyara zama, ya aje carbi.

"Ba ta gane ba. Ki ce mata sauƙi muka kawo musu. Babu akwati, babu ƙanƙara, babu takardar lokotoron asibiti ta mutuwa. Da kanshi za shi zauna bisa kujera."

"Baba, attends, dakata..."

"Ki faɗa mata dai! Ki ce shekara da shekaru muna tare da su, ba mu taɓa latti ba. Ki ce ni ne, Maazou, sun san ni."

Fatou ta faɗa, kanta a sunkuye. Matar ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Ta ce ta fahimta, ta ce abin ya taɓa ta. Ta ce ko shugabanta aka kira amsar ɗaya ce. Sannan, da muryar nan mai taushi, ta ƙara wata magana. Fatou ba ta fassara ba. Ba a bukatar ta fassara, Moutari ya ji. Cewa ta yi in abin da ba a so ya faru, su kira wannan lambar dare ko rana, za a ɗauko shi daga inda yake a kai shi har garinsu Zinder, ba za su biya komai ba.

Wayar ta yi shiru a kan tebur. Alhaji ya ɗauki carbinsa ya riƙe, bai ja ba.

Moutari ya ce, "To yanzu ƙaƙa za a yi?" Ya sake faɗi, a hankali, yana duban Fatou, don ita kaɗai ce a ɗakin ke da alamar sanin wata hanya.

Ta ce bari ta kira ofishin masu jirgin a Katmandu, babban birnin Nepal. Ta shiga madafa da wayar, suna jiyo Ingilishinta ta bayan ƙofa. Shi kuwa Alhaji ya farfaɗo, ya jawo tasa wayar ya soma kiran 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, na Château Rouge, na Belleville, na Montreuil. Wannan aikin ya iya shi. Ba wanda ya ce a'a. Kowa cewa yake ga shi nan tafe.

Fatou ta fito ta jingina da bango.

"Sun ce in babu asirans sai a biya su tukuna, ta banki ko da kati. Katina ba ya kaiwa. Zan je banki yanzu kafin su rufe, in ga ko za a iya aikawa yau." "Amma Yaya Moutari, can duhu ya riga ya yi. Ko an biya yanzu, sai da safe jirgi zai tashi. In gari ya yi kyau."

"Shi fa? Zai kai safiya?"

"Sun ce ba su sani ba. Tun ɗazu ba su samu jagoran ba."

Kafin la'asar gidan ya fara cika. Mutane na shigowa da ambulan a aljihu, kuɗin hannu, don da shi suka saba. Fatou ta tattara ta zuba cikin jaka ta fita da gudu. Waɗanda suka kawo kuwa ba su tafi ba. Suka tuɓe takalma a ƙofa, suka jeru a kan darduma, jingine da bango, kamar yadda suke yi duk lokacin da aka kira su gidan nan da rana tsaka. Matan suka wuce ciki. Ba a jima ba aka ji ƙamshin albasa, an ɗora babbar tukunyar da ake ɗorawa. Kowa ya shigo sai ya nufi Moutari ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Wani tsoho da bai ji labarin daidai ba ya durƙusa gabansa ya ce, "Allah shi jiƙan..." sai na kusa da shi ya taka masa ƙafa, ya haɗiye sauran.

"Wai ni mi ya kai shi?" in ji wani mai sayar da atamfa, yana magana ƙasa-ƙasa amma kowa na ji. "Akwai aiki can ne?"

"Babu aiki. Hawa kawai."

"In ya kai bisa a ba shi mi?"

"Ba a ba shi komi. Shi ke biya ma."

"Ikon Allah. Mu mun baro wahala mun zo nan, shi ya yanki tikiti ya bi ta."

Wani ya yi dariya kaɗan, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari. Moutari na jin su. Ya so ya ce musu yaron tun yana ƙarami haka yake, ba iskanci ba ne, yana son ya ga abu daga bisa ne kawai. Ya dubi Alhaji, ya ga Alhaji ba ya duban kowa, ƙasa yake kallo. Wani malami ya ce a ɗaga hannu a yi addu'a. Aka ɗaga. Addu'ar neman lafiya ce, amma zaman, da jerin takalman, da ƙamshin tukunyar, duk na wani abu ne da Moutari ya sani sarai.

Ana shafawa ya miƙe ya ce zai sayo katin waya. Ba wanda ya hana shi.

A waje ruwan ya ɗauke, sanyi ya sauko. Ya bi titi bai san inda za shi ba, har ya iske kansa a bakin ramin metro, inda mutane ke fitowa kamar an buɗe musu ƙofar gari. Ya tsaya gefe. Kusa da shi wani siririn mutum, mai kama da mutanen Indiya, yana gasa maro, 'ya'yan itacen nan masu kama da goro da ake ci lokacin sanyi. Gwangwanin gawayinsa na cikin keken sayayya na babban kanti, yana fifita wuta da guntun kwali, idonsa na kan titi irin na mai sana'a ba da izini ba.

Sai wayar ta yi kuka. Doguwar lambar nan ce.

Moutari ya ɗauka. Muryar ɗazu ce, amma yanzu tana haki, maganar na fita guntu-guntu. Ya ce, "Oui, oui, Illiassou, oui," ya rasa abin da zai ƙara. Malam Adam na Lyon, Fatou na banki. Ya juya ya miƙa wayar ga wani mai jakar ofis, yana neman mai jin Ingilishi, yana cewa, "Anglais? Anglais, s'il vous plaît?" Mutumin ya kauce kamar an miƙo masa wuta. Ya miƙa wa wata mata, ta girgiza kai ba ta tsaya ba. Wasu 'yan mata suka dube shi, suka dubi rigarsa, suka wuce. Muryar cikin wayar na ta kira, alo, alo, ƙarama, kamar ta ƙwaro cikin kwalba.

Wani hannu mai baƙin gawayi ya zare wayar daga nasa.

Mai maro ne. Ya kara a kunne ya yi Ingilishi kaɗan, sai ya ɗaga gira, ya juya zuwa wani yare mai sauri, da alama can ma an gane. Ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Maronsa na ƙonewa, bai duba ba. Yana saurare yana gyaɗa kai, sannan ya dubi Moutari ya yi masa Faransanci irin nasa, na titi, yana haɗawa da hannu.

"Ɗan'uwanka? Ba su jira jirgi ba. Sun goya shi, su biyu, wannan ya gaji wannan ya karɓa. Da fitila. Sun sauko ƙauye ɗaya. Numfashi ba kyau, amma yana yi. Akwai likita ƙasa, da nisa. Za su ci gaba yanzu." Ya sake saurare. "Ya ce yana son magana. Kaɗan kawai."

Ya mayar masa da wayar, har ya danna masa ita a kunne.

Da farko iska kawai Moutari ya ji. Sannan wani tari mai ruwa-ruwa, wanda ya daɗe bai tsaya ba. Sannan, can ƙasa:

"Yaya."

"Na'am. Na'am, Illiassou, ga ni. Ina jin ka."

"Kar ka... gaya ma Inna tukuna."

"Ba ni gaya mata. Kai dai ka yi numfashi. Ka ji? Kar ka yi magana, numfashi kawai."

Bai san ko ya ji ba. Layin ya riga ya mutu. Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne, yana cewa ka ji, ka ji, har sai da ya gane shi kaɗai yake magana.

Ya juya wurin mai maro, yana neman kalmar godiya mafi girma da ya sani cikin Faransanci. Wurin babu kowa. Wata motar 'yan sanda ta tsaya a bakin titi, biyu suna fitowa ba tare da gaggawa ba. Can gaba ya hango bayan mutumin, ya duƙa yana tura kekensa da sauri tsakanin jama'a, hayaƙi na bin sa, har ya sha kwana.